Zane Uku a Haɓa

Shekara talatin da wani abu na yi ina aiki a gidajen mutane a Jidda, kuma abin da na ƙware a kansa fiye da wanki da girki shi ne kallon fuska. Garin ne yake koya wa mutum. A nan kafin ki buɗe baki an riga an karanta ki, an san ƙofar da za a nuna miki da kujerar da ba za a ba ki ba. Ni Bahaushiya ce, a Sudan aka haife ni. Can ana kiranmu Fallata, nan kuma Takari. Sau ɗaya na je Kano biki, matan gidan suka yi ta ce mini 'yar Sudan har na dawo. Tun da kowa yana karanta tawa fuskar, sai ni ma na shiga karanta ta mutane, har na yi suna a layinmu na Sa'alaba. In muna zaune da mata a ƙofar gida wani ya wuce, sai su zungure ni, ni kuwa in ce wannan Bahabashe ne, wancan daga Hadramaut iyayensa suka zo, waccan kuma 'yar Bangal ce ko da za ta rantse daga Indiya take. Ba kasafai nake kuskure ba, kuma ina jin daɗin abin fiye da yadda ya kamata.

Aikin da na yi na ƙarshe kafin gwiwoyina su ce sun gaji, a unguwar Madain Fahd ne, bene hawa na uku, da ƙafa ake hawa. Mai gidan yana da warsha, wato gareji, a Khumra inda ake feƙe ƙarfe a kan inji, ana gyara sassan manyan motoci. Kowa mu'allim yake ce masa, ni ma haka na bi. Ranar da na fara ganinsa na yanke masa hukunci nan take, na ce Bature ne. Ja ne jawur, gashinsa kamar an shafa masa lalle, idanunsa kore. Sai ya buɗe baki da Larabcin garin Halab. Na kasa haƙuri na tambaye shi asalinsa, ya ce, "Mu Armeniyawa ne, ya khala," wato inna. Na gyaɗa kai kamar na gane. Na ɗauka Armeniya sunan wata unguwa ce a Halab ɗin.

Uwarsa aka ɗauke ni in kula da ita. Yaƙi ne ya fito da ita daga gidanta na Halab, ɗan ya kawo ta nan, matarsa da 'ya'yansa kuwa suna wata ƙasa saboda karatu. Tsohuwar ta haura tamanin, 'yar ƙarama, fara sol, kuma hankalinta ya fara tafiya yana dawowa. Mata uku ta kora kafin ni. Ɗaya ta watsa mata miya, ɗaya ta cije ta a hannu, ta ukun ita da kanta ta gudu. Na shiga ɗakin da shirin nawa rabon. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗago hannu ta kama haɓata.

Ina da zane uku a haɓa, daga ƙasan leɓe zuwa ƙasa. Wanzami ne ya yi mini ina yarinya, da aska da baƙin tukunya, don a lokacinmu ado ne. Yanzu jikokina da aka haifa a nan tambayata suke yi wai wa ya ji mini ciwo. Tsohuwa ta bi zanen nan da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Mayrig." Na waiwaya na dubi mu'allim. Ya ce ma'anarsa uwa, ya juya yana kallon bango, ya ce, "Halas, shi ke nan, aikin naki ne." Ban tambayi dalili ba. Matar da ta girme ni da shekara ashirin ta mayar da ni uwarta, ni kuwa ina neman aiki, sai na karɓi 'ya.

Shekara biyu muka yi a haka. Da safe in hau motar haya daga Sa'alaba, in hau benen nan ina hutawa a kowane hawa, in yi mata wanka, in ba ta miyar nono da alkama da ɗanta ya koya mini. Ba ta cin abinci daga hannun kowa sai nawa. Yawancin yini da yarensu take yi mini magana, ni kuma ina amsa mata da Hausa, kowa yana ganin ya gamsar da ɗan'uwansa. Amma bayan la'asar hankalinta yakan dawo na kamar awa guda. Sai ta gyara zama, ta koma Larabci, ta san ni 'yar aiki ce, har ta yi mini faɗa a kan gishiri. A cikin awar nan ne ta gaya mini cewa su jikokin Annabi Nuhu ne, wai a kan dutsensu jirginsa ya tsaya, kuma su ne suka fara sauka. Na ce mata, "Iya, ai duk duniya daga jirgin nan muka fito." Ta ce haka ne, amma su a bakin ƙofa suka zauna. Kafin magariba sai in ga idanun sun fara yawo, in san ta tafi sai gobe.

A shekara ta biyu awar ta fara raguwa. Likita ya zo ya duba ta, suka yi magana da mu'allim a falo, na ji ya ce duk wanda yake son ta gane shi, to ya zo yanzu. Tana da 'ya mace ɗaya, ƙanwar mu'allim, tana aure a Armeniya tana koyarwa a makaranta. Tun da yaƙi ya raba su ba su haɗu ba. Ranar Juma'a, ranar hutuna, suke magana ta waya, don haka ban taɓa ganin fuskarta ba, hotunan gidan kuwa duk a Halab aka baro su. Mu'allim ya yi ta fama da takardu har biza ta fito, ta wata ɗaya. Ya ce mini ranar Alhamis za ta iso. A cikin wannan makon kuma ya ce wani ofis zai turo ma'aikaciyar jinya mai takarda, tun da ɗaga tsohuwa ya fara gagarata. "Taimako ne kawai, ya khala," in ji shi. Na san irin wannan taimakon. Da shi aka fitar da ni daga gida biyu.

Ranar Laraba, bayan azahar kaɗan, na gama ba tsohuwa abinci ina wanke cokali, sai aka ƙwanƙwasa. Mu'allim ya sha ja mini kunne kada in buɗe wa kowa in ba ya nan, don haka na bar sarƙa a jikin ƙofar na leƙa. Mace ce gajera mai jiki, za ta kai hamsin. Baƙa ce a ma'aunin mutanen nan, wato abin da mu za mu kira wankan tarwaɗa. Gira a haɗe, hanci babba mai lanƙwasa, baƙin gashi yana leƙowa daga mayafin da ba ta iya ɗaurawa ba. Abayarta sabuwa ce, har layin ninki bai baje ba, ga ƙaramar jaka a hannu. Kafin ta yi magana na gama karatuna. Na ce a raina ga ta ofis ta iso, har da kayanta.

"Ina Mama?" ta ce tana haki saboda benen.

"Barci take. Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Ni 'yarta ce."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, kuma har yau in na tuna sautinta sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce, "'Yarta sai gobe. Kuma ni na san jinin gidan nan." Mutum biyu kacal na sani a cikin jinin, amma a ganina sun isa. Uwa fara, ɗa ja. Ina wannan za ta shiga?

Ta yi mini bayani a hankali. An canza mata jirgi, ta aika wa yayanta saƙo tun jiya, wayarta ba ta da layin nan. Ta zaro fasfo ta miƙo ta tsagar ƙofa. Ban karɓa ba. Na ga fuska, me zan yi da takarda? Na dai kira mu'allim sau biyu a gabanta, bai ɗauka ba, don in injunan warsha suna aiki ko aradu ba ya ji. Na ce, "Tayyib, to ki jira shi nan." Sai ta ɗaga murya ta bisa kaina ta yi kira da yarensu. Wannan ya isa ya farkar da mai hankali. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne, lallai ofishin nan sun iya mugunta, har mai jin yaren tsohuwa suka nemo, tawa ta ƙare ke nan. Na miƙa mata gorar ruwa don kada a ce Bahaushiya ta hana baƙo ruwa, na rufe ƙofa. Na shiga na ja ƙofar ɗakin tsohuwa, na ƙara ƙarfin na'urar sanyi don kada hayaniya ta tashe ta.

Ta ƙwanƙwasa sau uku bayan haka, ban kula ta ba. Na yi la'asar a kan dardumata a lungun kicin. Da na shiga ɗaki na tarar tsohuwa ta gyara zama, idanunta tar, irin yadda rabon da in gan su an yi makonni.

"'Yata ta zo?" ta ce da Larabci.

"Gobe, Iya. Gobe in sha Allah."

"To taje mini kai. Kada ta zo ta same ni kamar mahaukaciya."

Na ɗauko mataji na zauna a bayanta. Tana ta magana, baki ya buɗe. Ta ba ni labarin gidansu na Halab, da bishiyar lemo a tsakar gida, da yadda yarinyar take satar cuku. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Za ki gan ta, ba ta kama da ni ko kaɗan. Baƙa ce kamar uwata, ga hanci. In na fita da su biyu kasuwa sai mata su shafa kan yaron su ce masha Allah, su dube ta su ce wannan 'yar wa ce. Takan dawo gida tana kuka, ta shiga banɗaki tana dirje fuska da sabulu."

Matajin ya tsaya a hannuna. Ban san yadda na kai ƙofa ba da waɗannan gwiwoyin. Na zare sarƙa na buɗe, babu kowa. Gorar ruwan tana kan matakala, an sha rabi. Na sauka hawa ukun nan ina dafa bango, na fita titi ba mayafi, na duba gabas na duba yamma. Mai shagon ƙasa ya ce ta tambaye shi hanyar Khumra, ya tare mata mota, ba a fi minti goma ba. Na kira mu'allim, na sake kira, na sake. Sannan na hau benen na koma na ƙarasa taje kan, don ba abin da ya rage in yi. Tsohuwa ta tambaye ni me ya sa nake haki, na ce benen ne.

Bayan magariba suka iso tare. Khumra ba wurin da baƙo zai sami warsha ɗaya a cikin ɗaruruwa ba ne, ta yi ta yawo da direba suna tambaya. Ta shige ni ba ta ko dube ni ba, ta durƙusa a gaban gado ta kama hannun uwarta tana magana tana kuka. Tsohuwa ta fizge hannunta, ta lalubo gefen zanena ta riƙe, ta juya fuska bango. Mu'allim ya ce kada ta damu, gobe bayan la'asar za ta gane ta. Washegari da safe na zo na tarar bakin tsohuwa ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Likita ya ce ƙaramin shanyewar jiki ne, za ta rayu. Ta rayu ɗin, amma awar la'asar ba ta sake dawowa ba.

Na jira a kore ni. Na ma haɗa 'yan kayana a leda na ajiye bayan ƙofar kicin. Mu'allim ya zo ya tsaya a kaina, fuskar nan ta ƙara ja, ya ce, "Ni na ce kada ki buɗe wa kowa." Ya ɗauki makullin mota ya fita. Ba za su iya korata ba, don tsohuwa ba ta buɗe baki ga cokalin kowa sai nawa. Ma'aikaciyar ofis ɗin ma da ta zo daga baya, wata doguwar yarinya ce mai fara'a, kwana biyu ta yi ta tafi.

Haka muka zauna mu uku a gidan, kwanakin biza suna tafiya. Kullum bayan la'asar 'yar takan yi wanka ta canza kaya, ta ja kujera kusa da gado ta zauna tana jira. In ta matso, tsohuwa ta ƙanƙame ni. In ta yi magana, tsohuwa ta rufe ido. Ni kuma ina tsakiya da cokali, ana kirana uwa a gaban 'yar da aka haifa. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Na saba da zagi, na san inda ake ajiye shi. Amma matar nan sai ta gaishe ni da safe, ta ce khala ga shayi, ta karɓi wankin zanen gado daga hannuna ta ce in zauna in huta. Ban taɓa gajiya da aiki kamar yadda na gaji da kirkin matar nan ba.

A mako na uku ta same ni a kicin ina tsince alkama. Ta zauna ta ce, "Khala, ranar nan da nake waje, ta farka ko?" Na yi niyyar in ce a'a. Sai na ji ba ni da ƙarfin ɗaukar ƙarya a kan abin da nake ɗauke da shi. Na gaya mata duka, da tambayar, da goben da na ce, da matajin, da bishiyar lemo, har da sabulun. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na kai kan sabulu sai ta yi dariya hawaye yana zuba, ta ce, "Ashe ta sani. Na ɗauka ban taɓa bari ta gani ba."

Na ce mata ta yafe mini, ban taɓa ganin wa da ƙanwa sun bambanta haka ba. Ta ce a wurinsu wannan ba abin mamaki ba ne. Ta ce in na je ajin da take koyarwa zan ga mai jan gashi, da mai ido shuɗi, da wanda ya fi ta duhu, kuma duk sunan kakanninsu iri ɗaya ne. Ƙasarsu ta asali duwatsu ne a tsakiyar hanya. A zamanin da, tun kafin a fara rubuta komai, mutane suka yi ta zuwa daga kowace kusurwa suna zama suna cakuɗuwa, daga baya kuma suka koma aure a tsakaninsu shekaru aru-aru. Don haka kowane gida yana ɗauke da kowane launi, ba a san wanda zai fito ba sai an haihu. Ta ce ita da yayanta sun taɓa tofa yawu a 'yar kwalba suka aika aka auna asalinsu, don ta gaji da raɗe-raɗin dangi, sakamakon ya nuna duwatsun nan ɗaya ga su biyun. "Yayana ya ce mini asarar yawu kawai muka yi," in ji ta.

Ina jin ta ina tuna gidanmu. Yayata fara ce har ana ce mata Bafillatana, ƙanena kuwa baƙi ne wuluk, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa tsayar da ɗayansu a ƙofa. Na san wannan tun ina yarinya. Ban dai taɓa zaton fararen mutane ma haka Allah ya yi su ba.

Sai ta buɗe wayarta ta nuna mini wani tsohon hoto da ta ɗauka daga takarda. Mace ce zaune da jariri a cinya. Gira a haɗe, hanci mai lanƙwasa, kai ka ce ita ce ta sa kayan da. A haɓar matar akwai layi uku, da ɗigo a kowane kunci. Ta ce kakarta ce, uwar tsohuwa. Lokacin da aka kori Armeniyawa daga garuruwansu aka tura su hamada da ƙafa, tana 'yar shekara bakwai, duk nata suka mutu a hanya. Wasu Larabawa makiyaya suka ɗauke ta, suka yi mata zanen da suke yi wa 'ya'yansu mata. Bayan shekaru aka gano ta aka kai ta gidan marayu a Halab. Ta yi aure ta haihu, amma har ta mutu in za ta fita sai ta rufe haɓa da gyale, don kowa ya gani ya san inda ta zauna. 'Yarta, wato tsohuwarmu, kaɗai take bari ta taɓa zanen, in tana lallashinta ta yi barci.

Na kai hannu na taɓa haɓata. Shekara biyu ina cin abinci da zanen nan ban san na wa nake ara ba.

Ban yi dogon tunani ba, don da na yi da ban faɗa ba. Na ce, "'Yar nan, kina da kwalli?" Ba ta da shi. Na ɗauko nawa daga jaka, na zaunar da ita a bakin taga inda haske yake, na ajiye wayar a gefe ina duba hoton. Hannuna ya saba da lalle, na yi wa amare da yawa a Sa'alaba. Na ja mata layi uku daga ƙasan leɓe, na sa ɗigo a kowane kunci, na ɗan murza da yatsa don ya yi kama da wanda ya tsufa a fata. Na ɗaure mata kai da gyale irin na hoton. Da na ja baya na dube ta sai na ga matar hoton zaune a gabana. Ta ce, "Wannan ba yaudara ba ce, khala?" Na ce, "Yaudara ce. Saura kwana tara bizarki ta ƙare. Yalla, maza ɗauki kwanon miyar."

Na tsaya a bayan ƙofa inda tsohuwa ba za ta gan ni ba. 'Yar ta shiga ta zauna a bakin gado, wurin zamana. Tsohuwa ta buɗe ido ta daɗe tana kallonta. Sannan hannun hagu, mai motsin, ya ɗago a hankali ya kama haɓar. Ta bi layin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Mayrig," da wata murya da ba ta taɓa kirana da ita ba, ta sa kai a ƙirjinta. Ta sha miyar nan har ƙasan kwano. Da ta gama sai ta yi wata magana da yarensu, bakin a karkace, ta maimaita sau biyu. Na ga kafaɗun 'yar sun girgiza. Ta miƙa hannu kan tebur ta ɗauki mataji.

Daga ranar tsohuwa ba ta sake nemana ba. In na shiga da tsintsiya sai ta bi ni da ido kamar yadda ake kallon 'yar aiki, kuma daidai ne. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba. Aikina ya koma wanki da girki, da zanen kwalli kowace safiya, don in ta wanke fuska yakan goge. Mu'allim ya yi ta zirga-zirga har aka ƙara wa ƙanwarsa kwanaki. Ranar da ya fara ganinta da zanen ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya koma falo ya zauna bai cire takalmi ba.

Sai da aka kwana biyu na sami ƙarfin tambayarta. Tana zaune a bakin taga, haɓarta a hannuna, na ja layi na farko. Na ce, "Me take ce miki kullum in ta gama cin abinci?"

Ta jira na gama layin don kada ya karkace. Ta ce, "Cewa take, Mama, taje mini kai, gobe 'yata za ta zo."

Wata biyu da kwanaki tsohuwa ta ƙara a duniya, kuma kullum sai ta faɗa, kullum 'yar tana taje mata. Ni na ba ta goben nan, da bakina, a ranar da 'yarta take zaune a kan matakala. Ranar da aka fitar da gawarta na kulle gidan na sauko, gwiwa ta hana ni kaiwa ƙasa, na zauna a matakala ta biyu daga ƙofa. Wurin babu iska ko kaɗan, ga zafi yana fitowa daga bango. Na duba agogo, ban yi minti biyar ba na ji ba zan iya ba. 'Yar kuwa awa biyu da rabi ta yi a wurin.

Har yanzu matan layinmu sukan zungure ni in baƙo ya wuce. Nakan ce musu idona ya mutu, su tambaye shi.